Kirfar Hajiya da Jarkar Ƙarƙashin Gado

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Ni haifaffiyar Roni ce, aure ya kawo ni Kazaure, kuma ina koyarwa a wata makarantar firamare a cikin gari. A lokacin da abin nan ya faru ina goyon 'yata ta fari, ga wata ƙiba da ta sauko mini bayan haihuwa har rigunan lefena suka yi mini tawaye. A makaranta ba a fi ni baki ba, ko shugaban makaranta ya san idan na ɗaga hannu a taro to shayinsa zai huce. Amma da na shigo gida na yi ido biyu da surukata, sai bakin nan ya mutu murus. Haka aka raine ni. Mahaifiyata ta rasu ina budurwa, ciwon suga ne ya yi ajalinta, ƙanwar mahaifina wadda muke kira Goggo ita ta ƙarasa riƙona, kuma abin da ta fi nanata mini ranar da za a kai ni shi ne uwar miji ba a musu da ita, ba a ƙin abin hannunta, ba a kai ƙararta wurin ɗanta.

Gida ɗaya muke da surukar tawa, sashenta daban nawa daban. Mutuniyar Gwiwa ce, doguwa, mai yawan dariya, kuma tun ranar da na shigo ta ce ta samu 'yar da Allah bai ba ta ba, don 'ya'yanta duk maza ne. Ba a baki ta tsaya ba. Ita ta yi mini wankan jego da hannunta, ita ke riƙe mini yarinya in na tafi aiki. Maigidana yana aiki a Babura, sai ƙarshen mako yake zuwa, saboda haka yawancin kwanaki daga ni sai ita. Lokacin da nake zuwa awon ciki an taɓa ce mini sugana ya ɗan hau, in kula da abin da nake ci. Ni na manta da zancen bayan na haihu. Ita kuwa ashe ta ƙulle shi a bakin zaninta, don ta san abin da ya kashe mahaifiyata.

A shekarar ne Allah ya kira ta aikin Hajji. Ta dawo da tsaraba kamar kowace Hajiya, dabino da tasbaha da bagaruwa da zamzam, sai kuma wata ƙatuwar leda cike da kirfa, ɓawo mai kauri ja-jawur, ƙamshinsa ya cika gidan. Ta ce matan da suka zauna masauki ɗaya ne suka ba ta sirrin: kirfa tana narkar da kitse, tana kashe suga tun bai yi ƙarfi ba, tana korar sanyi. Ta ce tana ɗawafi tana tuna ni, kuma ta yi wa kanta alkawari cewa abin da ya ɗauke uwata ba zai ɗauke ni ba muddin tana numfashi. Na yi kuka a ranar, don ban taɓa jin wani ya damu da ni haka ba tun rasuwar mahaifiyata.

Washegari da safe, ina shirin makaranta, sai ga ta da fulas a ƙofar ɗakina. Ta daka kirfar ta tankaɗe, ta zuba gari mai yawa a ruwa ta tafasa har ya yi kauri ya yi duhu kamar an jiƙa jar ƙasa, sa'an nan ta ɗiga zamzam a ciki don albarka. Ta ce in shanye tun ban sa komai a bakina ba, wai a haka ya fi aiki. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Kurɓar farko na ji kamar na haɗiyi garwashi, amma na ce a raina magani ai ba alewa ba ne. Na shanye, na wanke fulas, kuma tunda a wurinmu ba a mayar da kwano haka nan, na sayi ƙosai mai zafi na haɗa na kai mata da godiya.

To a nan na ɗaure kaina da igiyar da na tufka da hannuna. Kullum fulas ya zo, kullum ya koma wankakke da ɗan tukwici, yau ƙosai, gobe goro, jibi gyaɗa ko sabulu. Hajiya tana ganin haka sai ta ɗauka na samu abin da raina ke so. Ta fara ba maƙwabta labari cewa 'yarta ba ta da ƙyuya irin ta yaran zamani, duk abin da aka ba ta shanyewa take. Kuma duk godiyar da na yi, sai ta ƙara cokali. In na ce Allah ya saka da alheri, washegari ruwan ya fi na jiya kauri.

Jiki magayi. Da farko ƙwannafi ne, wani zafi da ke tasowa daga ƙahon zuciyata zuwa maƙogwaro ina tsaka da koyarwa. Daga baya cikina ya fara murɗawa, ga tashin zuciya, ga zarya zuwa banɗaki, har na koma ajin da ya fi kusa da shi da sunan wai ya fi iska. Bakina ya yi kuraje, leɓena na ciki ya saɓule, miya mai ɗan yaji ta gagare ni, ni da nake barbaɗa yaji ko a kan kunu in an bar ni. Na fara ramewa. Abin haushi, ramar nan ita ta zama shaidar Hajiya. Ta dube ni ta ce ga shi nan kitse ya fara narkewa, maƙwabta kuma suka fara aiko da kofunansu. Malaman makarantarmu wasu suka fara yi mini murmushi suna tambayar ko 'yata za ta samu ƙani ne. Ni dai in na tashi aiki sai in biya kemis in sayi maganin ƙwannafi in tauna kamar gyaɗa.

Wata abokiyar aikina, Kirista ce daga kudu wadda ta daɗe a Kazaure har Hausarta ta fi tawa karin magana, ita ta tare ni wata rana ta ce wannan ba ciki ba ne, ba kuma ramar daɗi ba ce, in ban je asibiti da ƙafata ba za ta sa ni a bayan babur ta kai ni. Na je. Likitan ya duba ni, aka ɗebi jini, sa'an nan ya tambaye ni abin da nake fara sawa a cikina da safe. Da na gaya masa yadda ake haɗa abin da kuma tsawon lokacin da na ɗauka ina sha, ya ajiye abin rubutunsa ya dube ni. Ya ce kirfa ba guba ba ce, kayan ƙamshi ce mai amfani in an sa kaɗan a shayi ko a girki, kuma wasu suna ganin tana ɗan taimakawa wajen suga, amma ba ta maye gurbin awo da maganin asibiti. Ya ce garinta mai yawa a cikin da babu komai yana ƙona baki da tumbi, kuma irin mai kaurin ɓawon nan in aka daɗe ana ɗirka ta tana wahalar da hanta. Ya ce na yi sa'a abin bai kai ga gyambon ciki ba tukuna, sugana kuma lafiya lau yake. Ya rubuta mini magani, ya ce daga yau in daina.

Faɗin a daina ai ba wuya, shi da ba surukarsa ba ce. Na dawo gida ina juya maganar. In ce wa Hajiya abin da ta ɗauko mini tun daga Makka, ta daka da hannunta, ta ɗiga wa zamzam, shi ke cutar da ni? A garinmu idan matar ɗa ta ce abin da uwar miji ke ba ta yana sa ta ciwo, kowa ya san fassarar da za a yi wa maganar kafin ta kai bakin titi. Na jira maigida ya zo na gaya masa a hankali. Ya jinjina kai ya ce lallai magana ce babba, a bar masa, zai san yadda zai ɓullo mata. Ya shiga ɗakinta ya daɗe, ina jiyo dariyarsu, ya fito ya ce bai samu fuska ba sai wani makon. Wani makon ma bai samu fuska ba. Na ce to ko zai riƙa taya ni sha in ya zo, ya sansana fulas ɗin ya ce wannan ai maganin mata ne. Namiji ke nan, a Babura ana jin tsoronsa a ofis.

Zubarwa kuma ta gagare ni. Da ruwan kirfa ne kawai da na tuttular a makwarara na huta, amma da zamzam a ciki hannuna ya ƙi. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke kai mutum ta baro. Na samo jarka na wanke, kullum fulas ya zo in juye a ciki in tura ƙarƙashin gado, in wanke fulas, in haɗa tukwici in mayar da godiya. Cikina ya fara lafawa, na fara cin abinci, na ce shi ke nan na yi maganin abin ba tare da na ɓata wa kowa ba. Ban yi tunanin ranar da jarka za ta cika ba, balle ranar da wani zai leƙa ƙarƙashin gadon.

Ana nan sai ga Goggo daga Roni. Wata 'yar garinmu da ta gan ni a wurin suna ta kai mata labarin cewa na lalace na zama kamar kara. Goggo mace ce gajera mai zafin nama, ba ta zama wuri ɗaya, tana shigowa ta dube ni sama da ƙasa ta yi salati, ta ɗauki tsintsiya ta fara share ɗakin da na riga na share. Tsintsiyar ce ta bugi jarka. Ta jawo ta, ta buɗe, wani tsami ya bugi ɗakin, don abin ya kwana biyu har ya yi kumfa. Ta tambaye ni mene ne wannan, na ce magani ne. Ta ce wa ke ba ni. Na ce Hajiya ce. Ta zauna a bakin gado ta haɗa lissafinta ita kaɗai: yarinya ta rame, uwar miji na ba ta wani baƙin ruwa kullum da safe, yarinya na ɓoyewa a ƙarƙashin gado don tsoro. Ta ce dama an faɗa mata abin daga cikin gida yake. Na rantse mata kirfa ce kawai, na ba ta labarin likita, ta ce ni yarinya ce, ana sammu a cikin zuma ma balle kirfa, kuma in har abin alheri ne me ya hana ni faɗa wa matar cewa ba ya yi mini.

Ta yanke hukunci a take. Da safe za ta ɗauki jarkar ta tafi da ni Roni, ta ajiye ta gaban mahaifina da 'yan'uwansa, su kira dangin maigida daga Gwiwa su zo su yi bayani. Na san abin da hakan ke nufi. Ko da daga baya gaskiya ta fito, an riga an kira Hajiya mai sammu a gaban maza, sunan zai bi ta har kabari, kuma babu ɗan da zai ci gaba da zama da matar da danginta suka yi wa uwarsa wannan ƙazafi. Matar da ta yi mini wankan jego, ta tuna da ni a gaban Ka'aba, ita za a tozarta saboda na kasa buɗe baki. A nan ne na ji haushin kaina ya fi tsorona yawa.

Bayan la'asar Goggo ta shiga wanka, na ɗauki jarkar na nufi sashen Hajiya. Na same ta a kan tabarma tana wasa da 'yata. Na durƙusa na ajiye jarkar a gabanta, na ce na zo neman gafara ne da kuma faɗin wata magana da ta fi ƙarfin bakina. Ban ɗaga kai ba na zayyana mata komai, ƙwannafin, kurajen bakin, asibitin, abin da likita ya ce, da yadda na kasa zubar da zamzam na koma tarawa. Na ce na san don ƙauna take yi, kuma ƙaunar ce ta ɗaure mini harshe. Na gama ina jiran abin da zai biyo baya.

Can na saci kallonta. Sai na ga kafaɗunta suna girgiza. Hajiya dariya take yi, irin wadda ba ta fita da sauti, har hawaye na bin kumatunta. Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta jawo wani ɗan gwangwani ta buɗe mini, jar kanwa ce a ciki. Ta ce ita ma da ta dawo tare muka fara sha, amma ba ta yi nisa ba ƙirjinta ya kama da wuta, ta koma lasar kanwa a ɓoye, ta daina. Kunya ce ta hana ta faɗa, don ta riga ta cika unguwa da yabon kirfar Makka, kuma ta ɗauka tsufa ne ya sa cikinta ya ƙi. Da ta ga ni kullum ina shanyewa har da tukwici, sai ta ce to cikin yara ya fi ƙarfi, ta riƙa haɗa mini da rabonta. Wato duk wannan lokaci kason mutum biyu nake sha. Ni ma dariyar ta ƙwace mini, ina yi ina kuka.

Da dariyar ta lafa sai fuskarta ta canza. Ta dubi wuyana da ƙasusuwan da suka fito, ta ce ashe da hannunta take ƙona 'yarta tana murna. Ta ce ba ta yafe mini shirun da na yi ba sai na yi mata alkawari ba zan sake ba, don in da ni 'yar cikinta ce da tun ranar farko na yamutsa fuska na ce Inna wannan abu da zafi. Sa'an nan ta tambaye ni ko baƙuwata ta ga jarkar. Na ce ta gani. Ba ta ƙara tambaya ba, tsohuwa ce, ta san sauran.

Na koma na sami Goggo tana ɗaure kayana a zani. A karo na farko a rayuwata na ce mata a'a. Na ce ba inda za ni, kuma jarka ba za ta je Roni ba, in tana son bayani ta zo ta ji daga bakin mai ita. Ta buɗe baki za ta yi faɗa sai ga sallamar Hajiya a ƙofa, da fulas a hannu da kofuna biyu. Ta gaishe da Goggo da fara'a, ta zauna, ta ce ta ji 'yarsu ta sha wuya a hannunta, kuma ya kamata uwar yarinya ta san abin da aka riƙa ba 'yarta. Ta kwance ledar kirfar a gabanta, ta tsiyaya sabuwar dahuwar da ta yi da kauri irin na kullum, ta yi bisimilla ta shanye kofi guda a gaban idonmu. Ta ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma kirfa kam tana ƙona shi, ta shaida. Ta cika ɗaya kofin ta ajiye kusa da baƙuwa, ba ta ce a sha ba.

Goggo ta dubi kofi ta dubi Hajiya. Ita ce fa ta koya mini ba a ƙin abin hannun surukai. Ta ɗauka ta kafa kai. Na ga idanunta sun kawo ruwa, ta ajiye kofin ta ce lallai magani ne mai kyau, Allah ya saka da alheri. Hajiya ta nuna ta da yatsa ta ce mini to ga inda na gado. Kafin magariba ina jiyo Goggo tana tambaya ƙasa-ƙasa ko akwai 'yar kanwa a gidan, aka miƙo mata gwangwanin. A kan tabarma ɗaya suka yi sallah, suka raba goro, kuma da safe Goggo ta koma Roni ita kaɗai, da ɗan ƙullin kirfa na tsaraba da gargaɗin kada ta wuce ɗan ɓallin da za ta jefa a shayi. Ban taɓa jin ta sake ta da zancen sammu ba. Abin da ke cikin jarkar kuwa, Hajiya ta sa na juye shi a gindin zogalen da ke lungun gida inda ba a takawa. Maigida ya zo ƙarshen mako ya ce mini ya shirya tsaf, yau zai yi wa Hajiya maganar. Muka bar shi ya shiga.

Na warke sarai cikin ikon Allah. Na koma asibiti aka sake awo aka ce komai ya daidaita, kuma yanzu ni da Hajiya tare muke zuwa a duba mana suga lokaci-lokaci. Ita da kanta ta bi maƙwabtan da ta raba wa kirfa gida-gida ta ce su rage hannu, aka samu biyu da su ma suke lasar kanwa ba su faɗa ba. Ledar nan har yau ba ta ƙare ba, muna sa ɗan ɓalli a shayi da dafa-dukar sallah, kuma ƙamshinta ya daina ba ni tsoro.

Abin da nake so 'yan'uwana su ɗauka a labarina shi ne, kada don abu ya fito daga itace ko daga ƙasa mai tsarki a ɗauka ba shi da iyaka. Kirfa tana da daɗi da amfani a ɗan kaɗan, amma wanda ya mayar da ita abin ɗirka da safe a cikin da ba komai, cikinsa zai gaya masa, kuma mai suga ko mai olsa ko mai juna biyu ya tambayi likita kafin ya bi maganar masauki ko ta waya. Sa'an nan ku 'yan'uwana mata, kunyar surukai ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma akwai inda in aka kai, shiru ya fi magana rashin ladabi. Nawa shirun ya kusa jawo wa baiwar Allah sunan da ruwan zamzam ma ba zai wanke ba. Har yanzu fulas ɗin Hajiya yana zuwa ƙofata da safe, kunun gyaɗa ne a ciki, kuma ranar da sukari ya yi yawa nakan mayar da shi da tukwicinsa in ce Inna, yau kam kin cika hannu.